Safar Hannun Baba a Birnin Fas

Tun da muka dawo daga Maroko ban sha ruwa da daɗi ba. Duk wanda na gamu da shi, daga Ƙofar Kibo har Ƙofar Jatau, kafin ya ce mini sannu da zuwa sai ya fara duban ƙafata. 'Yan majalisarmu kuwa sun sa ni gaba: "Nura, ziyara ka je ko ƙunshi? Ya aka yi ƙafar dama ta yi ja kamar ta amarya, ta hagu kuma aka hana ta?" Na ce magani ne, ba su yarda ba. Na ce al'adar can ce, suka kwashe da dariya. To, na gaji da kame-kame. Ga labarin nan tun daga tushe, kuma wanda ya sake tambayata bayan wannan, wallahi shi zai riƙa dafa shayin majalisa har ƙarshen wata.

Mutum uku abin ya shafa. Na farko mahaifina, Malam Tanimu. Wanda bai san shi ba, majemi ne, jima ya gada, da ita ya ciyar da mu ya kai mu makaranta. Bagaruwa da karan dafi sun rine masa hannu tun yana saurayi, tafin ya yi baƙi-baƙi ja-ja, faratan sun yi kauri, babu sabulun da ya isa ya taɓa su. Burinsa a duniya bayan Hajji shi ne ziyarar kabarin Shehun ɗarikarsu a Fas. Ni da yayyena muka haɗa ƙarfi muka shigar da shi ayarin masu ziyara, aka ce ni zan raka shi tunda ni ne mai Turanci.

Na biyu ni. Na uku kuma Alhaji Mu'azu na Gyallesu, tsohon darakta, mahaifin Rukayya wadda nake nema. Magana ba ta kai ga manya ba tukuna. A nan gizo ke saƙar: na taɓa ce wa Rukayya Baba harkar fata yake yi, har waje ake fita da ita. Ba ƙarya ce zalla ba, fatar da ya jeme takan fita waje, sai dai ba shi yake fita da ita ba. Ranar da na ga sunan Alhaji Mu'azu a jerin matafiya, na dafe kai. Kwana tara zai yi yana kallon hannun Baba.

Sai shaiɗan ya ba ni dabara. Na shiga wajen 'yan gwanjo na sayo baƙar safar hannu, mai kauri.

"Baba, an ce sanyin can yana tsinke yatsu. Ka sa wannan, kada ka riƙa cirewa."

Ya karɓa, ya juya ta, ya dube ni na ɗan lokaci. "To. Allah ya yi albarka."

Ranar tafiya, tun a tasha ya zura ta. Rana na dukan bas, kowa na fifita da kwali, Baba na zaune da safa kamar mai shirin dambe. Wata tsohuwa a kujerar baya ta leƙo ta ce, "Malam, ƙuna ce?" Ya ce, "A'a, Hajiya, sanyi ne. Yana can gaba, ina sabawa." Tayarmu ta yi faci bayan Kaduna, muka yi awa guda a gindin mangwaro, bai cire ba.

A filin jirgin Abuja muka haɗu da Alhaji, ya sha farar shadda, ƙamshi na tashi. Na durƙusa na gaishe shi, na gabatar da Baba. Suka yi musabaha, Baba da safarsa. Na yi wuf na ce, "Ranka ya daɗe, sanyi ne yake damunsa." Alhaji ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce, "A Abuja?"

Wajen duba fasfo ne na fara ganin ta kaina. Aka ce Baba ya cire safa ya dangwala yatsa. Ya dangwala, na'ura ta ce ba ta ga komai ba. Ya sake, shiru. Ruwan toka na shekara da shekaru ya cinye zanen yatsun. Alhaji kuma mutum biyu ne tsakaninmu da shi a layi. Me zan yi? Na buɗe babbar rigata na shiga gyara ta, na ɗaga hannun dama, na ɗaga na hagu, na baje kamar mai shanya, har jami'ar ta tambaye ni ko lafiya. Da ƙyar ƙaramin yatsa ya ceci Baba.

Da muka kusa sauka Kasabalanka aka ba mu takarda mu cike. Wajen sana'a na rubuta wa Baba abin da na rubuta. Ya ce, "Me ka sa a nan?" Na ce, "Ɗan kasuwa." Ya ce, "Madalla. Ashe na samu ci gaba a sama." A ƙasa kuma wani jami'i ya buɗe jakarsa, ya ci karo da ƙullin yajin da Inna ta daka masa. Na ce kada ya shinshina, bai ji Turancina ba ko kuwa ya raina shi. Ya kai hanci. Atishawa bakwai na ƙirga kafin ya yi mana alama da hannu mu wuce, idonsa na zubar da ruwa.

Daga nan jirgin ƙasa har Fas. Masaukinmu wani tsohon gida ne cikin lungu. Daga waje ka ce kango, ƙofa ƙarama, bango ba taga. Kana shiga sai ka ga tsakar gida da ruwa na tsiyaya a tsakiya, ɗakuna sun kewaye, tagogi duk ciki suke kallo. Baba ya ce, "Waɗannan mutanen sun san sirri. Irin ginin kakanninmu ne, sun dai fi mu tayil."

Abinci kuwa, a nan aka yi ta. Suna da wani abu kamar dambu, kuskus, wannan ba laifi. Amma ranar farko aka kawo nama an dafa shi da busassun 'ya'yan itace masu zaƙi. Wani ɗan ayarinmu ya ɗanɗana ya ajiye, ya ce ko dai mai girkin ta yi kuskure ko kuma an yi mata kishiya a ranar. Yajin Inna ne ya fitar da mu kunya, kafin kwana uku an fara bin ɗakinmu da murfin kwano. Shayinsu ganyen na'ana'a ne cunkus da sukari, suna ɗaga buta sama su tsiyayo kamar masu shayinmu, sai dai ba madara ba ƙwai. Babbar matsalata ita ce a faranti ɗaya ake ci, da hannu. Sai na ce wa mutane Baba ba ya iya ci cikin taro, na riƙa kai masa nasa ɗaki. Mutumin da a gida ko ƙuli-ƙuli ba ya ci shi kaɗai sai ya kira wani. Wajen alwala kuma ni ne katanga, duk inda Alhaji ya tsuguna sai na ja Baba can ƙarshe na tsaya a tsakani. Kwana uku ina wannan gadi, ko hutun kirki ban samu ba.

Ziyara dai an yi ta lafiya. Baba ya yi kuka, ya yi mana addu'a ɗaya bayan ɗaya da sunayenmu. Wannan ba abin wasa ba ne, ba zan sa shi cikin shirmena ba.

Rana ta huɗu shugaban ayari ya ce an ɗauko mana mai zagayawa da baƙi, zai bi da mu cikin tsohon gari a ƙafa. Baba ya yi mamaki ƙwarai.

"Wato sana'arsa ke nan? Ya yi ta yawo da mutane?"

"Ita ce, Baba."

"Ikon Allah. Ashe Ɗanladi na unguwarmu ba zaman banza yake ba, ƙasar ce ba ta dace da shi ba."

Sunan mutumin Yunus, siriri, mai saurin baki da saurin ƙafa. Yana riƙe da lema ruwan ɗorawa, a rufe, ya ɗaga ta sama. Aka haɗa mu da wasu Turawa huɗu. Ya kafa mana doka uku da Turanci, ni ina fassarawa: a bi lema, kada a tsaya, in an ji an ce "balak" a manne da bango domin alfadari ne tafe da kaya. Na ƙara gishiri a fassarar, ina satar kallon Alhaji in ga ko Turancina na shigarsa.

Dokar kada a tsaya ita ta fara karyewa. Baba ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba, su kuma mutanen Fas, ka yi musu sallama sai su amsa da tsawo. Mai burodi, mai ƙira, tsoho a bakin masallaci, kowa sai an tsaya. Yunus ya kai ƙarshen lungu ya waiwayo, ya dawo yana kaɗa lema. Ya ce in gaya wa tsoho lokaci na tafiya. Na gaya masa. Baba ya ce, "Ka ce masa in ya zo Zariya ya gwada wuce mutane haka, ya ga ko za a nuna masa hanya."

Lungunan kam sun isa lungu. Wani sai ka karkace kake wucewa. Yunus ya ce baƙo in ya ɓata a ciki sai an nemo shi. Baba bai ga abin kuri ba, ya ce Ƙofar Kibo ce aka ɗora wa bene. Turawan nan kuwa komai hoto: ƙofa hoto, kyanwa hoto, jaki hoto. Wani ya durƙusa yana ɗaukar kwata. Alhaji na tafe da ɗan littafi yana rubuta shekarun gine-gine. Ni ma na shagala ina yi masa ƙarin bayanin da ba a tambaye ni ba, ban ji "balak" ba, sai ji na yi buhu ya share mini hula. Alfadarin ko waiwaye bai yi ba. A wata kwana aka miƙo mana romon dodon koɗi a 'yan kwanuka. Turawa suka shanye, mu muka ce muna godiya, mun ƙoshi tun daga gida.

Muna cikin haka sai iska ta juyo, na ji shi.

Tun kafin kowa ya yamutsa fuska na gane. Warin da na tashi a ciki ne, wanda yara suka riƙa toshe mini hanci saboda shi a firamare, wanda na yi shekara ashirin ina gudu da turare. Na dubi Baba. Mutumin da ake jira tun safe, sai ga shi ya wuce Turawa, ya wuce Alhaji, yana neman wuce lema.

Yunus ya ce yanzu za mu ga abin da garin ya fi shahara da shi, majema. A bakin wata ƙofa wani mutum na raba reshen na'ana'a, kowa ɗaya, don a kara a hanci. Baba ya ɗauka irin goron baƙo ne. Ya karɓa hannu biyu, ya yi godiya, ya jefa a baki ya tauna. Alhaji kuwa ya roƙi ƙari.

Muka hau matakala ta cikin shagon jakunkuna har saman soro. Daga can ana hango ramuka jere kamar na marina, wasu fari, wasu ja, wasu ruwan ƙasa, mutane tsamo-tsamo a ciki suna tattaka fata. Yunus ya shiga bayani, ni kuma dole in fassara. Jama'a, ku dubi wannan abu: ni Nura, na tsaya gaban mahaifina ina koya masa jima.

"Baba, wai ya ce da farko ana jiƙa fatar ne don gashi ya saki."

"Allah?"

"Wai sannan a sa kashin tattabara don ta yi laushi."

"Kai! Ilimi kogi. Sai kuma me?"

'Yan ayari biyu da suka san shi suka juya baya, kafaɗunsu na rawa.

Can sai Baba ya daina saurarona. Ya kafa ido a kan wani mutum a ƙasa da ke kankare fatar akuya a kan gungume.

"Ya tsayar da ƙarfen da yawa. Zai huda ta."

"Baba, ba ruwanmu."

"Fata ce mai kyau, Nura. Zai huda ta."

Kafin in sake magana ya zare safar nan, ɗaya bayan ɗaya, ya danƙa mini a hannu. "Riƙe mini." Ya juya ya bi matakala. Yadda aka yi ya gano ƙofar shiga cikin lungunan da aka ce baƙo na ɓata, hancinsa kaɗai ya sani. Sai ganinsa muka yi a ƙasa, ya naɗe wando har gwiwa, ya saɓa riga a kafaɗa, yana bin bakin ramuka kamar tsakar gidanmu.

Wani dattijo, da alama shi ne babbansu, ya taso yana faɗa da Larabci yana nuna masa hanyar fita. Baba ya buɗe tafin hannunsa biyu ya miƙa masa. Dattijon ya tsaya, ya duba, ya buɗe nasa ya jera kusa da na Baba. Daga saman soro ma ana gani, rini ɗaya ne. Sai ya rungume Baba. Kafin ka ce me, an ba Baba ƙarfe, ya kwantar da shi yadda ya kamata, gashi na zuba kamar ana aske.

A sama kuwa Yunus ya rikice. Yana ƙirga mu yana sake ƙirgawa, yana cewa ba a shiga wurin, in wani abu ya faru shi za a kama. Ya ɗaga murya: "Wa ke tare da wannan tsohon? Na waye?"

Alhaji na gefena, ganye a hanci. Kowa ramuka yake kallo, shi ni yake kallo. Safar na hannuna, na dunƙule ta. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa, "Ɗan ayarinmu ne."

Wallahi har yau in na tuna kalmar nan sai na ji kamar in nutse. Ɗan ayarinmu. Mutumin da ya yi shekara arba'in cikin wannan warin don in sa farar riga.

Sai ga muryar Baba daga ƙasa, ta cika majemar: "Nura! Sauko ka kama mini gefen nan, mu nuna musu yadda ake miƙe ta!" Haka yake kirana ina ɗan shekara tara. Ya ɗaga fatar sama yana dariya, rabon da in ga haƙoransa haka har na manta.

Na juya wajen Yunus na ce da Turanci, da ƙarfi, "Mahaifina ne. Majemi ne, ɗan majemi." Na sake faɗa da Hausa, ko da yake babu Bahaushen da ke wurin da ke bukatar fassara. Na miƙa wa Alhaji Mu'azu takalmana da agogona, tsohon darakta guda, ban ma san na yi ba. Na sauka.

Bakin ramukan nan faɗinsa bai wuce tafin ƙafa ba, ga santsi. Na taka na farko lafiya, na biyu lafiya, na ɗaga kai in ga ko ana kallona. Zuruf! Ƙafar dama ta tafi cikin jan rini har gwiwa, da wandon shadda da komai. Majema ta ɗauki ihu, Turawa suka samu hoton da ya fi na kwata. Baba ya kamo ni da hannu ɗaya ya fizgo, ya ce, "Ƙafar ma ta manta hanya." Muka kama fatar ni da shi, muka miƙe ta. Dattijon ya sa aka kawo shayi, muka sha a tsaye cikin wari, shi da Baba suna ta hira da hannu, wannan ya nuna bagaruwar da ya zaro daga aljihu, wancan ya nuna ɓawon itacen da suke amfani da shi. Ashe har da bagaruwa Baba ya yi guzuri.

Da muka fito na tsuguna a wani famfo a lungu ina dirzar ƙafa, sai ga takalmana an ajiye a gabana. Alhaji ne. Na rasa inda zan sa fuskata.

"Ranka ya daɗe, ni dai..."

"Bari. Buzun da nake salla a kai, babanka ya jeme shi, tun ba a haife ka ba. Ranar da Rukayya ta ce mini wai harkar fitar da fata waje, sai da na yi dariya har na ƙware." Ya jefar da ganyen da ke hannunsa. "Malam Tanimu na san shi. Abin da ban sani ba shi ne ko ɗansa ya san shi. Tun Abuja nake kallon safar nan. Da ta koma Zariya a hannunsa, da ba ni da sauran magana da kai."

Na sunkuyar da kai.

"Amsar farko da ka ba mai lema ma na ji ta," in ji shi. "Ta biyun ce ta cece ka. In mun koma, ka turo manya."

Ya wuce ya bar ni da famfo.

Da la'asar a masauki na sami Baba a tsakar gida, ya zauna cikin mutane ana cin kuskus a faranti ɗaya, hannunsa tsundum. Na jira aka watse. Na durƙusa na fito da safar, na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, suna ta warwarewa.

Ya ce, "Tun ranar da ka kawo ta na gane. Na ce bari in sa, kada yaro ya shiga uku a gaban surukinsa. Amma fa akwai zafi, Nura." Ya tura mini ita. "Ajiye abarka. Kai ne mai jin sanyin."

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Ya bar ni na yi, yana ta suɗe yatsunsa.

To kun ji asalin jan ƙafa. Safar tana nan rataye a ƙusa a ɗakina, mai so ya zo ya gani. Ranar Asabar manya za su je Gyallesu, Baba ne a gaba, hannu a buɗe. Jiya na same shi a majema, na kai masa abinci da kaina, na nuna masa ƙafar na ce yaushe wannan abin zai fita, an dame ni a gari. Ya duba, ya murza da babban yatsa.

"Naka? Sati uku," in ji shi. Ya mayar da hannunsa cikin ruwan bagaruwa.